Gurbin da Ke Jikin Mafici

"Ke Khairat, wannan kuma daga ina?"

Khairat ta leƙo daga kicin riƙe da butar shayi. Tana ganin abin da ke hannun mahaifiyarta ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Mafici ne ɗan ƙarami mai naɗewa, na siraran itace masu ƙamshi, an huda masa furanni kamar leshi. Wata goma sha huɗu yana kwance a ƙasan akwatinta cikin wani tsohon hijabi, amma kwana shida kacal da saukar Inna a Alƙahira har hannunta ya kai kansa. Haka Inna take. Ko allura ka ɓoye a ɗaki, in dai ta ce bari ta gyara maka kaya, sai ta fito da ita.

"Saya na yi, Inna. A kasuwar Ataba. Aikin mutanen Thailand ne."

Ƙaryar farko ke nan a ranar, kuma ita ta jawo duk abin da ya biyo baya.

Inna ta ware maficin ta fifita fuskarta, ta lumshe ido don ƙamshin. Sannan ta juya sandar gefensa, inda aka ƙona sunan Khairat da rubutun Larabci mai ɗaukar ido. Bayan sunan an bar wani fili fayau, faɗin yatsa uku.

"Ikon Allah, har da sunanki. To shi wannan filin fa? Ƙarfi ne ya ƙare wa mai rubutun?"

"Haka suke yi," in ji Khairat, ta koma kicin da sauri kafin fuskarta ta tona ta.

Ba haka suke yi ba. Bakri ne ya yi haka, kuma ita kaɗai ya yi wa.

Bakri Bahaushen Sudan ne, cikin waɗanda yaƙi ya koro zuwa Masar. A wani shago yake aiki a Ataba, inda ake sayar da kayan hannu na Thailand, shi ne mai ƙona sunaye a jikin itace da alƙalamin wuta. Shekara biyu suna tare da Khairat, tun tana ajin kusa da ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna. Ranar da ya ba ta maficin, ta tambaye shi dalilin filin. Ya ce, "Gurbin mijinki ne. Ba zan rubuta komai a nan ba sai ranar da kika ba ni izini da bakinki."

A lokacin dariya ta yi, har da rufe fuska. Mutum ba ya sanin ranar da abin dariyarsa zai koma abin kuka.

Da ta kai maganarsa gida Kano, ko sunansa mahaifinta Alhaji Hussain bai yarda an ƙarasa ba. Cewa ya yi, mutumin da ba a san ƙofar da za a tura a yi binciken asalinsa ba, ba a ba shi 'ya. Bayan wata uku Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda ya saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti, ya kwana arba'in yana jigila, shi ne Nata'ala, ɗan amininsa, ɗan kasuwa mai shige da fice tsakanin Kano da Alƙahira. Daga nan magana ta ƙare. Mako uku da suka wuce aka raba goron sa ranar aurenta da Nata'ala.

Ba wanda ya ɗaure Khairat da igiya. Shekararta ashirin da shida, da digirinta a hannu. An kira ta a waya, ta ji muryar mahaifinta tana fita da ƙyar ta gefen baki, ya ce, "Kin amince?" Ta ce, "Na amince, Baba." Ta kashe wayar ta yi kuka har ta gode Allah. Abin da ta kasa shi ne faɗa wa Bakri. Kullum sai ta ce gobe. Da ya ji Inna za ta zo, sai ma ta rubuta masa cewa, "Ka ba ni lokaci, zan kawo ta ta gan ka da idonta."

"Na samu abin da nake nema," Inna ta ɗaga murya daga falo. "Wannan za a raba ranar kamu. Bikin 'yar Hajiya Hauwa bokiti aka raba, bikin waccan bokiti, gidana har na rasa inda zan jibge bokitai. Ni nawa bikin sai an shekara ana zancensa. Guda ɗari uku, kowanne da sunanki da na ango. Sa hijabinki ki kai ni shagon."

Khairat ta ajiye butar. Ta fito ta durƙusa a gaban mahaifiyarta, hawaye har sun riga ta isa.

"Inna, don girman Allah ki saurare ni sau ɗaya."

"Sau nawa kuma? Tun a waya nake sauraronki har kunnena ya yi zafi."

"Ba na son Nata'ala, Inna. Na gwada, wallahi na gwada. In ya kira ni sai na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji."

"So?" Inna ta ja tsaki. "Ni da aka kai ni gidan ubanki, so na tafi da shi a ƙunshe? A can na tarar da shi, da haƙuri da biyayya. Ke dai ki ce har yanzu wancan ɗan gudun hijirar ne ke miki yawo a ka."

"Mutumin kirki ne. Ko sau ɗaya ba ki gan shi ba."

"Ba na kuma fatan ganinsa. Khairat, dube ni nan." Inna ta kamo haɓarta ta ɗago. Idon Inna ma ya kawo ruwa, don ba muguwar uwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa. "Ubanki hannu ɗaya ya rage masa, da shi ya karɓi goron nan. Likita ya ce ɓacin rai ɗaya ya isa ya ƙarasa shi. In kin zaɓi ki zama ke ce ɓacin ran, ga waya nan, kira shi ki faɗa masa da kanki. Ni ba zan ɗauki wannan saƙon ba."

Ta tura mata wayar a kan tabarma. Khairat ta zuba wa wayar ido tana sheshsheƙa, ba ta taɓa ta ba.

"To share fuskarki. Ga Nata'ala can a ƙasa da mota tun ɗazu."

A cikin tasi, Khairat ta yi ƙoƙarinta na ƙarshe. Ta ce ta manta lungun, Ataba kuwa dawa ce, mutum sai ya wuni yana bulayi bai ga shago ɗaya ba. Ta ce akwai irinsu a wani wuri kusa da Darrasa, sun ma fi kyau.

Nata'ala ya juyo daga kujerar gaba, ya karɓi 'yar jakar siliki da maficin ke ciki, ya juya bayanta. Ga hatimin shagon nan ɓaro-ɓaro, da sunan lungu da lambar waya.

"Ma'alish, kada ki damu, amarya, ai ba sai kin wahalar da ƙwaƙwalwarki ba," ya ce yana murmushi. Ya karanta wa direba adireshin. "Yalla, mu tafi."

Nata'ala ba mummuna ba ne, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Sai dai irin mutanen nan ne da in sun yi maka alheri, sai ka riƙa jin nauyinsa a wuyanka ko da ba su ambata ba. Tuni ya san yana da abokin takara, ya kuma san a Ataba yake aiki. Ya daɗe yana kallon hatimin nan kafin ya mayar wa Inna jakar.

Tun daga unguwar Faisal har suka haye kogi, Khairat na riƙe da wayarta a ƙarƙashin hijabi. Ta rubuta wa Bakri, "Ka fita daga shago yanzu." Ta goge. Ta rubuta, "Ka yafe mini." Ta goge. A ƙarshe ba ta tura komai ba, ta koma roƙon Allah ya sa an aike shi wani wuri. Mai gudun gaskiya kullum addu'arsa ke nan, a ɗage masa zuwa gobe.

Suka sauka a bakin kasuwa, suka kutsa cikin turmutsutsu. Masu turin kaya na ihu a ba su hanya, masu takalma sun baje har tsakiyar titi, rana ta take kamar ta fasa kai. Inna ta riƙe jakarta a ƙirji da hannu biyu tana ta salati. Suka bi ta layin masu fitilu, suka karya kwana ta wajen masu agogo, sai ga shagon a can ƙuryar wani lungu, an rataye lemomin takarda masu launi-launi a ƙofarsa.

Mai shagon, Ammu Fadl, dattijon Bamisire ne mai tumbi da fara'a. Matarsa mutuniyar kudancin Thailand ce, ta wajen danginta kayan ke zuwa masa. Ya san Khairat sarai, har ya buɗe baki zai kira sunanta, sai ya ga yadda ta kawar da kai. Tsohon ɗan kasuwa ne, ya haɗiye maganarsa ya yi wa Inna maraba, ya ce, "Ahlan ya Hagga, bismillah, shagon naku ne."

Bakri na can ƙurya a kan teburinsa, ya sunkuya a kan wani akushin kwakwa. Ya ɗago.

Abin da Khairat ta gani a fuskarsa shi ne zai daɗe yana hana ta sukuni. Murna ce tsantsa. Ya dubi Khairat, ya dubi dattijuwar da ke gefenta mai irin goshinta da irin hancinta, ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Idonsa ya kai kan ƙusar da ke bayan labule, inda wata sabuwar farar jallabiya ke rataye cikin leda. Khairat ta san jallabiyar. Tun ranar da ta ce masa Inna na tafe ya saye ta, ya ajiye a shago don kada ranar ta zo masa yana cikin kayan aiki. A zatonsa yau ce ranar.

Ya goge hannunsa a jikin wando, ya tako, gwiwarsa har ta fara lanƙwasa zai durƙusa ya kwashi gaisuwa.

"Law samaht," Khairat ta tare shi da Larabci, wato "don Allah malam," da irin muryar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba. "Kayan rabon biki muke nema."

Bakri ya tsaya cak, rabi a tsaye rabi a durƙushe. Ya dube ta. Sannan ya lura da mutumin da ya shigo a bayansu, mai shadda ruwan toka da agogo mai walƙiya, wanda ya tsaya kusa da ita fiye da yadda ɗan'uwa zai tsaya.

A hankali ya miƙe. "Hadir, ya madam," ya ce, wato an gama. "Bikin wa?"

Nata'ala ne ya amsa, da Larabcinsa na kasuwa. "Nawa da nata. Saura wata biyu, in sha Allah."

"Mabruk," in ji Bakri, yana taya shi murna.

Inna ba ta ga komai ba, don tuni kaya sun tafi da hankalinta. Ammu Fadl ya shiga sauko mata da su, Nata'ala na fassara. Ya fara da giwayen katako, manya da ƙanana, an jera su kamar za su tafi rafi.

"A'uzu billahi! Mayar, mayar," Inna ta ja da baya. "In raba wa mutane gumaka, mala'iku su daina shiga gidajensu, a ce ta dalilin bikin 'yata ne?"

Ya kawo furannin da aka sassaƙa da sabulu, kowanne cikin ɗan akwatin katako mai zane. Inna ta shinshina, ta yaba, ta ajiye. "Matan unguwarmu kwana biyu za su yi su shiga wanka da shi." Ya kawo gyalen siliki mai sauya launi in an juya shi, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce wannan na dangin ango ne kawai, ba na gayya ba. Ta ɗauki tasoshin tangaran masu zanen zinariya ta mayar, ta ce kafin su isa Kano sun zama tsakuwa. Ta sa aka ware mata akussan kwakwa guda shida masu kwalliyar ɓawon kifin teku a ciki, tsarabar maƙwabta, da wata matashiya mai kusurwa uku da ta ce za ta yi wa Alhaji daɗin jingina.

Duk abin da ta nuna, Bakri ne ke hawa tsani ya sauko da shi, ya naɗe a takarda, ya ɗaure. Bai sake duban Khairat ba. Ita kuwa ta jingina da kantar shagon.

"Wannan baƙin yaron akwai ladabi," Inna ta ce da Hausa, hankalinta kwance, don a ganinta duk Ataba ba mai jin ta sai su uku. "Ɗan Sudan ne ko? Kin gani ko, Khairat? Irinsu ne fa. Irin wanda ya so ya ja ki cikin wahala. Ga iyakarsu nan, hawa tsani da naɗe kaya a shagon wani. Ba gida, ba ƙasa, ba asali. Yanzu da na biye miki, da irin wannan zan nuna wa dangi in ce surukina ne?"

"Inna, don Allah..."

"Don Allah me? Ji yake yi?"

Igiyar da Bakri ke ɗaure wa ta tsinke a hannunsa. Ya ɗauko wata ya sake farawa. Nata'ala na kallon hannun nan, yana kallon fuskar Khairat, shakkar da ta rage masa ta kau.

"Inna, mu zo kan abin da ya kawo mu," ya ce. Ya zaro maficin Khairat daga jakar siliki, ya ware shi a kan teburin Bakri. Ya koma Larabci. "Irin wannan muke so, ɗari uku. Amma mu fara ganin samfur. Ga sunan amarya an riga an rubuta. Cike mana nan." Ya ɗora yatsa a kan filin. "Nata'ala."

"A'a!" Muryar Khairat ta fita da ƙarfi har Ammu Fadl ya waigo. Ta sassauta. "Wannan nawa ne, tsoho ne. A ɗauko sabo a gwada."

"Ai naki nawa ne, amarya. Kuma da ma gurbin ango aka bari." Ya dubi Bakri ido cikin ido. "Ko ba haka ba ne, ya ustaz?"

"Haka ne," in ji Bakri.

Ya zauna. Ya jona alƙalamin wutar a bango, ya riƙe shi yana jira bakinsa ya yi ja. Ya gyara maficin, ya kawo alƙalamin daidai kan filin, har wani siririn hayaƙi ya fara tashi. Sai ya tsaya.

Ya ɗago kai, ya yi magana da Hausa, irin tsohuwar Hausar nan ta mutanen Sudan mai nauyi a baki.

"Khairat, na yi miki alkawari ba zan rubuta komai a nan ba sai kin ba ni izini da bakinki. Ina jira."

Ledar akussan da ke hannun Inna ta suɓuce ta faɗi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Bahaushe ne?"

Bakri ya ajiye alƙalamin a mazauninsa, ya sauko daga kujera, ya durƙusa har ƙasa, gaisuwar da aka hana shi ɗazu.

"Ina wuni, Inna. An zo lafiya? Ya mai jiki?" Muryarsa na rawa amma bai bari ta karye ba. "Sunana Bakri. Ni ne wanda ba kya fatan gani. Kakan mahaifina daga Haɗeja ya taso a ƙafa zai tafi Makka, ƙafar ta gaji a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, a can ya zauna. Habbobata, kakata ke nan, har ta rasu ba ta iya Larabcin kirki ba, da Hausa take mana faɗa. Ina da asali, Inna. Masu ba da shaidarsa ne yaƙi ya watsa."

Kunya ta rufe Inna, ta ja gyalenta ta rufe baki. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Tashi, yaro. Da na san kana ji, da ban faɗi abin da na faɗa a gabanka ba. Wannan kam ka yafe mini." Ta girgiza kai. "Amma 'yata ba zan ba ka ba. Ina za ka ajiye ta? Da katin gudun hijira ake riƙe mace? In ta haihu, ɗan na wace ƙasa ne? In ka ɓata mata, ƙofar wa za mu buga? Ka tausaya mini, ubanta na kwance."

"Na ji, Inna, kuma ban ga laifinki ba. Ki gafarce ni, ba ke na tambaya ba. Da ita na yi alkawari."

Ya miƙe ya fuskanci Khairat. Hawaye sun wanke mata fuska har sun jiƙa gaban hijabinta.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Bakri, ka yi mini rai..."

"Tun yaushe aka sa ranar?"

"Mako uku."

"Mako uku." Ya gyaɗa kai a hankali. "Mako uku kina turo mini barka da asuba. Shekaranjiya na tambaye ki me Inna ta fi so in tanada, kika ce dabino mai taushi. Yana nan a ƙarƙashin tebur, Khairat. Na saya."

"Na kasa ne! Wallahi kullum sai na ɗauki waya zan faɗa maka, sai in ji kamar zan yanka ka da hannuna."

"Sai kika gwammace ki kawo ni kasuwa a yanka ni a gaban mutane."

"Ban kawo su ba, na yi ƙoƙarin hana su..."

"Kika ce mini law samaht." A nan ne muryarsa ta karye. "Na bar Khartoum da riga ɗaya, na kwana tara a hanyar sahara, an kira ni sunaye iri-iri a garin nan, ban taɓa jin ni baƙo ba ne kamar yau da kika ce mini law samaht."

Khairat ta toshe bakinta da hannu biyu, kuka ya ci ƙarfinta. Ammu Fadl bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane komai. Ya je ya janyo ƙofar shagon ya rufe rabi, ya tsaya yana kallon waje.

"Ban riƙe ki ba," Bakri ya ci gaba. "Ba ni da abin da zan riƙe ki da shi. Kalma ɗaya nake so. In kin ce kada in rubuta, wallahi ko duniya za ta taru ba zan rubuta ba, in bi Inna har Kano in durƙusa a gaban Baba, ya kore ni sau goma in koma. In kin ce in rubuta, khalas, shi ke nan, in rubuta."

Nata'ala ya sa hannu a aljihu ya ciro wayarsa, ya duba, ya miƙa wa Inna.

"Baba ne ke kira ta bidiyo. Na ce masa yau za mu zaɓi kayan biki, ya ce a nuna masa."

Wayar na ta ruri a hannun Inna. Hoton Alhaji Hussain ya cika fuskarta, ramamme, da hula a karkace. Inna ba ta ɗauka ba, ba ta kuma kashe ba. Ta juya wayar ta saita ta da fuskar 'yarta.

"Ga shi nan. In a'a ce, ɗauki ki faɗa masa."

Khairat ta dubi hoton mahaifinta. Ta dubi farar jallabiyar da ke bayan labule, wadda ko sau ɗaya ba a sa ba. Ta so ƙasa ta tsage, ta so wutar lantarki ta ɗauke, ta so wani ya yanke mata hukuncin kamar yadda aka saba yi mata. Ba wanda ya taimake ta. Wayar ta yi ta kuka.

"Rubuta," ta ce.

"Ban ji ba."

"Rubuta, Bakri."

Ya koma ya zauna. Ya ɗauki alƙalamin. Hannun da ya tsinke igiya ɗazu yanzu ko rawa ba ya yi. Ya ja harafin farko, hayaƙi ya tashi, warin ƙonannen itace ya gauraye da ƙamshinsa ya cika shagon. Bai yi sauri ba, bai kuma ɓata ko ɗigo ɗaya ba. Da ma a ce ya ɓata, da Khairat ta samu abin riƙewa. Sunan Nata'ala ya zauna a gurbin daram, kamar don shi aka auna filin tun farko.

Ya hure tokar, ya goge da gefen hannunsa, ya naɗe maficin. Bai miƙa wa Khairat ba. Inna ya miƙa wa, da hannu biyu.

"Allah ya sanya alheri, Inna. Allah ya ba Baba lafiya." Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko kwalin dabino ya ɗora a kan kayanta. "Wannan naki ne tun asali. Ba ya cikin ciniki."

Inna ta miƙa hannu ta karɓa.

Suka shiga tasi, suka fita daga cunkoson Ataba. Zafi ya ishi Inna, ba tare da tunani ba ta ware maficin ta shiga fifita. Duk kaɗawa ɗaya sai warin sabuwar ƙuna ya bugi fuskar Khairat. Ta juya kai wajen taga, ta ciji gefen hijabinta don kada kukan ya fito.

"Yaron akwai hannu, tamam, ba abin kushewa," in ji Nata'ala daga gaba, bai ko waigo ba. "Na ce wa mai shagon shi nake so ya rubuta duka ɗari ukun, kada a ba wani. Ranar Alhamis za su gama."

"Da ka bar shi haka, Nata'ala," Inna ta ce a hankali. "A kai wani shagon."

"Ai an riga an yi magana, Inna." Ya gyara madubin gabansa har ya samu idon Khairat a ciki. "Ni ranar Alhamis ina Iskandariyya wajen kaya, ke kuma ƙafarki ba za ta jure kasuwar nan sau biyu ba. Amarya ce za ta je ta karɓo. Ki zauna a gabansa, Khairat, ki buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ki tabbatar sunana ya fita daidai a kowanne."